Jan Biro a Bayan Maganin Baba

Da sunan Allah nake farawa, wanda cuta da waraka duk a hannunSa suke. Yau wata huɗu da rasuwar mahaifina, Malam Umaru na Birnin Tudu, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta abin da ya faru. Na san akwai gidaje da dama masu tsoho mai ciwon zuciya, akwai kuma 'ya'ya irina da ke ganin sun gama aiki tunda sun sayo magani sun ajiye a gaban mara lafiya. Saboda su nake rubutun nan.

Ni malamar firamare ce a Talata Mafara, nan nake aure. Ni ce babba a wurin Baba, kuma sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ƙanena Nasiru ne ke tare da shi a gida, suna noman damina, da rani kuma su gangara fadama su yi shinkafa da albasa.

Ciwon ya fara ne lokacin yankan gero. Nasiru ya lura Baba kan tsaya a hanyar gona ya dafe ƙirji, ya jingina da bishiya, can sai ya ci gaba da tafiya. In an tambaye shi sai ya ce, "Ba komi ba na. Kamar an aza mini buhun taki ga ƙirji, in na huta shina sauka." Aka ce olsa ce, aka sayo maganin olsa a kemis. Ƙanwarsa Gwaggo Asabe ta ce basir ne ya hau sama, ta kawo jiƙon saiwoyi da kanwa a ciki. Ya sha duka biyun don kada ran kowa ya ɓaci. Daga nan ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga, kwanciya ta gagara sai dai ya jingina da bango. Duk wannan bai sa ya yarda da asibiti ba. Sai ranar da ya yi sujada a masallaci numfashi ya nemi ɗaukewa, ya ƙarasa sallar a zaune, sannan ya aiko a gaya mini.

A asibitin da muka fara zuwa an auna shi, aka ba mu takarda zuwa Sakkwato. Sau uku muka yi wannan tafiya kafin mu ga likitan zuciya. Mu bar gida ana idar da sallar asuba, mu iske layin kati ya riga mu, mu yini a kan benci, a ce gwajin kaza sai wani mako. Nasiru ya fitar da shinkafar da suka ajiye ya sayar. Na yi ƙorafi a lokacin, har yanzu ma ina yi, don bai kamata tsoho mai haki ya yini a layi ba. Amma likitar da muka samu a ƙarshe, wata siririyar mace mai tabarau, Allah ya saka mata da alheri. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausar da Baba zai gane.

Ta ce ciwo biyu ne suka haɗu. Hanyoyin jinin da ke ciyar da ita kanta zuciyar sun ƙuntata, shi ya sa ƙirjin ke riƙewa in ya yi tafiya. Sannan zuciyar ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Ga shi kuma ko a zaune yake tana bugawa fiye da sau ɗari a minti guda. Ta rubuta mana magunguna, har da na fitar da ruwa da na sawa a ƙarƙashin harshe in ƙirjin ya riƙe. Da muka koma bayan mako biyu ta ga bugun bai sauko yadda take so ba, sai ta ƙara wata 'yar ƙaramar ƙwaya, ɗaya da safe, ɗaya da yamma, tare da abinci.

"Baba, wannan na rage wa zuciya gudu ne," in ji ta. "Zuciyarka ta zama kamar jakin da ya gaji ana ta korarsa. So muke ya koma tafiya a hankali, ya samu ya kai kayan gida."

Baba ya yi dariya, ya ce ai ya san irin wannan jakin.

Ta kama yatsuna biyu ta ɗora a wuyan hannunsa, ta koya mini ƙirga bugun da agogon waya. Ta ce in ya sauka ƙasa da hamsin, ko ya ji jiri, in dakata in kira ta. Ta ce wataƙila ya riƙa ganin haske na gilmawa a idonsa, kada mu tsorata. Baba ya riga ya fita, ina cikin tattara takardu ta ƙara da cewa, "Kada a tsallake, kada a haɗa biyu lokaci guda, kuma kada a ba wani." Na ji wannan ta ƙarshen da kunnena, na bar ta a nan ofis. A raina na ce wa zai ɗauki maganin da sai an aika Sakkwato ake samunsa ya yi kyauta da shi? Ban taɓa maimaita wa Baba ita ba.

Muka dawo da shi gidana, maigidana ya gyara masa ɗakin da ke zaure. Ni kuwa, da halina na malaman makaranta, na tsara komai. Na sa almakashi na yayyanka katin maganin ƙwaya-ƙwaya, kowace cikin rufinta. Na ɗauki jan biron da nake duba aikin yara da shi, na zana rana a bayan na safe, na zana jinjirin wata a bayan na yamma, don Baba boko bai yi ba. Kowace safiya kafin in tafi makaranta nakan kai masa kunu, ya haɗiyi maganin a gabana, in kama hannunsa in ƙirga, in rubuta a littafi. Da yamma kuwa ba a ƙirga, don haka sai in ajiye tuwo, in ɗora ƙwayar a faifai, in durƙusa in gaishe shi, in fito. A gidanmu 'ya ba ta tsayawa a kan ubanta tana kallon bakinsa yana cin abinci, maigidana kuma ba ya zama cin tuwo da surukinsa. Shi kaɗai yake ci.

Makonnin farko mun ga sauƙi ƙwarai. Bugun ya sauko daga ɗari da huɗu zuwa tamanin da takwas, ya zo saba'in da biyu, har ya tsaya wajen sittin da biyar. Kumburin ya sace, ya fara kwanciya sosai, ya koma taka ƙafa zuwa masallacin unguwa. Faɗanmu ɗaya da shi, miya ba gishiri. Yakan ce, "Uwata ta zama likita ba takarda, ta hana ni gishiri, saura ta hana ni ruwa." Hasken da likita ta ambata ma ya zo. In ya fito daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya ce wani haske na walƙiya a gefen idonsa. Ranar da Gwaggo Asabe ta zo dubiya ta ji haka ta ja ni gefe tana hawaye, wai an fara nuna masa makomarsa. Na ce, "Gwaggo, makomar nan tana rubuce a takardar magani." Ta yini ba ta yi mini magana ba.

Sai in kawo maganar Baffa Sanda, don ba a ba da labarin Baba ba tare da shi ba. Bafulatanin Janbako ne, amininsa tun suna samari. Shanun Baffa ne suka taɓa faɗa wa dawar Baba, aka ɗauko hanyar zuwa wurin alƙali, kafin su isa sun shirya. Daga wannan shekarar shanun ke kwana a gonar Baba da rani suna zuba masa taki, shi kuma yana auna wa Baffa dawa. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin ɗayansu ya ci goro shi kaɗai ba in ɗayan na nan. Sai an ɓare shi biyu.

Kowace Talata, ranar kasuwa, Baffa kan hau babur ya biyo muguwar hanyar Janbako ya zo dubiya. Su shige ɗakin zaure su yini. Shi ma tsufa ya kama shi, ya rame, in ya sauka daga babur sai ya ɗan dafa bango. Wata rana na kawo musu fura na ji yana cewa, "Umaru, abin ga da kake hwaɗi, ni ma shi nike ji. Ƙirji ya riƙe, numhwashi ya yi gajere, wani lokaci ƙasa ta juya da ni."

Na ce, "Baffa, ya kamata ka je a duba ka."

Ya ce, "Ɗiyata, wa za ya zamna da shanu ni in tai in yini bisa benci?"

Muka yi dariya, na ɗauki kwanona na fita. Iyakar taimakon da na yi masa ke nan.

Wajen mako na bakwai lissafin littafina ya fara juyawa. Saba'in da takwas, tamanin da huɗu, wata safiya har casa'in da biyu. Ƙafar ta fara cika, ya koma neman matashi biyu. Na rasa wanda ban zarga ba. Na zargi miya, na ce ko ana satar zuba gishiri. Na tare Gwaggo na ce ko ta dawo da jiƙonta a ɓoye, ta rantse har ta yi kuka, kuma gaskiya ta faɗa. Na ce ko jabu aka sayar mana, na sa aka sake sayo wani daga Sakkwato. Ranar komawarmu wurin likita kuma ta faɗo cikin jarrabawar yara, ga hanya ana ta cewa ba lafiya, sai na ɗaga tafiyar da mako biyu. Wannan ɗagawar tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Sau ɗaya na tambaye shi kai tsaye. Na ce, "Baba, kana dai shan na yamma?"

Ya dube ni ya ce, "Kin taɓa iske saura bisa faifanki?"

Ban taɓa ba. Baba ba ya ƙarya, kuma a ranar ma bai yi ba. Ni ce ban lura bai amsa tambayata ba.

Wata Talata Baffa Sanda bai zo ba. Baba ya yini yana leƙen ƙofa. Washegari ina cikin aji aka kira ni a waya. Jabbi ne, babban ɗan Baffa. Ya ce tsohon ya faɗi a bakin rijiya wurin shayar da shanu, sun kawo shi asibiti a garinmu, kuma ni kaɗai suka sani a nan. Na bar yara na tafi. Na iske shi kwance, jikinsa sanyi ƙalau, yana magana da ƙyar. Ma'aikacin da ke kansa ya ce bugun zuciyarsa talatin da takwas ne, yana ta tambayar ko akwai maganin da yake sha. Jabbi ya ce bai sani ba, sai dai akwai wani ɗan gwangwani da tsohon ba ya rabuwa da shi. Ya laluba aljihun rigar ya ciro, ya zazzage a kan tebur.

'Yan yanke-yanken kati ne na magani, wasu an ɓare, wasu da ƙwayarsu a ciki. A bayan kowanne akwai jinjirin wata da jan biro.

Ba sai an yi mini bayani ba. Kusan wata guda Baba na shan na safe a gabana, na yamma kuwa ya sa a aljihu, ya tara na mako, ranar Talata ya danƙa wa amininsa. Shi kuma Baffa, daga baya muka ji, tasa zuciyar dama a hankali take tafiya, ciwonta ke nan. Da ya ga jirin na ƙaruwa sai ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya riƙa haɗa biyu yana sha. Na gaya wa ma'aikacin sunan maganin, ya kira likita da sauri, aka yi abin da za a yi, aka sa Baffa a mota zuwa Sakkwato.

Na koma gida da gwangwanin a hannuna. Baba na zaune a tabarma bayan la'asar, yana jan carbi yana haki. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Sanda ya rasu?"

"Bai rasu ba. An wuce da shi Sakkwato."

Ya sauke numfashi. Na ce, "Baba, me ya sa?"

"Na ga na sahe ya ishe ni. Na samu sauƙi, ina tahiya masallaci, shi kuwa shina zamne gabana shina haki. Shekara hamsin ban ci goro na hana mai ba. Sai lahiya zan sha ni ɗai shina kallo?"

A nan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ɗaga wa mahaifina murya. Na ce ya kusa kashe Baffa, ya kuma cuci kansa, na ce duk wahalar da muka sha a hanyar Sakkwato ya mayar da ita banza. Da na gama sai ya ce a hankali, "Ba wanda ya gaya mini shina kisa, Uwata. Na ɗauka magani na."

Ni ce aka gaya wa. Fushi nake da shi, amma fushin da nake da kaina ya fi yawa, kuma har yau bai gama sauka ba.

Baffa ya yi kwana shida a asibiti ya farfaɗo. Aka hana shi wannan magani har abada, aka sa masa ranar dawowa don a duba nasa ciwon. Baba kuwa daga wannan rana na ajiye kunya, safe da yamma ina tsaye har sai ya haɗiye. Amma jikin bai koma yadda yake ba. Abinci ya fita ransa, ya daina tsokanata a kan gishiri. Cikin mako guda numfashi ya tsananta, muka kai shi Sakkwato aka kwantar da shi, aka sa masa iska a hanci, ana ta janye ruwan. Na tambayi likitarmu ko tsallake maganin ne ya jawo. Ta ce ba za ta ɗora komai a kansa ba, zuciyar ta daɗe da gajiya kafin mu zo, kuma irin wannan ciwo yakan tashi ko ana shan magani daidai. Amma ta ce rabin magani bai taimake shi ba, kuma da mun zo a ranar da aka sa mana, da ta gano da wuri. Na gode mata da ba ta ɓoye mini ba, ko da yake na so ta ɓoye.

Bayan kwana goma ya ɗan samu, ya matsa a mayar da shi Birnin Tudu, ya ce yana son ya ji kiran sallar garinsu. Na ɗauki hutu na bi shi. Gwaggo Asabe ce ta riƙe shi tare da ni a kwanakin nan, ita ke tallabe shi in zai sha kunu, kuma ba ta taɓa tuna mini zargin da na yi mata ba. Wata safiya ina riƙe da hannunsa ina ƙirga sai ya ce, "Uwata, hannun Sanda. Ki riƙa ƙidaya mai. Ba shi da mai yi mai." Na ce to. Na roƙe shi ya yafe mini ɗaga muryar da na yi, ya ce ai uwa ce ta yi wa ɗanta faɗa. Kwana uku bayan nan, ranar Juma'a da hantsi, Allah ya karɓi abinSa.

Ga duk mai jinyar tsoho, abin da zan ce kaɗan ne. Maganin rage bugun zuciya an auna shi ne da zuciyar mutum ɗaya. Ciwo biyu na iya kama da juna a baki, maganin wannan ya kayar da wancan. Duk abin da likita ya gaya muku, ku maimaita wa mara lafiyan da bakinku, har da wanda kuke ganin ba sai an faɗa ba. Iyayenmu sun tashi ne a kan ba a ganin ɗan'uwa cikin wahala a hana shi abin da ke hannu, kuma ba za su daina don an rubuta wani abu a takarda ba. Ku tsaya ku ga an haɗiye, kunyar minti ɗaya ce. In kuma mai dubiya ya ce shi ma haka yake ji, ku kama hannunsa ku kai shi a duba shi, kada ku tsaya ga dariya kamar yadda na yi.

Ranar addu'ar uku Baffa Sanda ya zo, Jabbi na riƙe da shi. Bayan mutane sun ragu ya ce a kira ni. Na iske shi a zaure, zaune a gefen buzun da Baba ke zama. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, na yi masa. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro goro, ya ɓare shi biyu kamar yadda ya saba, ya miƙa ɓari guda gefen buzun. Hannun ya tsaya a nan.

Na matsa na ce, "Baffa, kawo hannunka. Baba ya bar mini saƙo."

Na ɗora yatsuna biyu, na dubi agogo, na ƙirga har minti ya cika.

"Nawa?" in ji shi.

"Hamsin da shida."

"Ya yi?"

"Ya yi, Baffa. Amma ranar da aka sa maka a Sakkwato, tare za mu. Kuma Talata ina jiranka a gida."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi ɓarin goron da ke hannunsa, ya miƙo mini. Ni ba na cin goro, ɗacinsa ba ya yi mini. Na karɓa da hannu biyu na ci.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Jiya Talata ce, Baffa ya zo, hamsin da takwas na samu.